Goron da Ya Ƙi Rabuwa

Malam Tukur, zauna ka ji zalunci. A duk lambobin da Allah ya halitta babu mai baƙar zuciya kamar ɗari tara da casa'in da bakwai. Muguwa ce, marowaciya, ba ta rabuwa gida biyu, ba ta rabuwa gida uku, kai ko gida nawa ka kawo mata sai ta bar maka saura, sai fa in mutum ɗari tara da casa'in da bakwai za ka tara ka miƙa wa kowa ɗaya. Da ana kai lamba gaban alƙali, wallahi da tuni na yi ƙararta.

Wani attajiri ne ya yi bikin suna, ya kawo goro ƙwarya goma, ɗari-ɗari, ya ɗora guda ɗaya a kai. Ya kira mai rabon goro na garin, mutum kyakkyawa, mai fasali, wanda in ya naɗa rawani har tsuntsaye ke tsayawa kallo. Ya ce masa dubu da ɗaya ne cif, shi ya ƙirga da hannunsa, kuma ko unguwa bakwai aka bi, ko masallatai sha ɗaya, ko zuriya sha uku, zai rabu daidai ba saura. Mai rabo ya dubi guda ɗayan nan da ke sama, ya ga ai kamar gyara ce, ya jefa a baki. Ya ga wasu farare uku manya suna hararar sa, ya rufa musu asiri a aljihu.

Aka zo rabo a gaban dattawa. Ya kasa gida bakwai, uku suka yi saura. Ya kwashe ya kasa sha ɗaya, bakwai suka tsaya suna kallonsa. Ya koma sha uku, tara suka rage. Gumi ya jiƙa rawani, attajiri ya zuba masa ido. Da dabara bawan Allah ya zame ukun nan daga aljihu ya mayar, ya sake kasawa gida bakwai. Unguwa shida suka samu ɗari da arba'in da uku-uku, ta bakwai ta gaza da ɗaya, kuma don tsabar mugunta unguwar surukansa ce. Surukin ya miƙe, tsoho mai ido kamar na shaho, ya ce, "Ɗana, buɗe bakinka mu ga inda rabonmu ya shiga." Haƙora jajawur.

Tun daga ranar ko dabino ba a sake ba shi ya raba ba, a garin da shekara da shekaru ba a ɗaura aure sai da ni... da shi, nake nufi. To, ka dai ji. Ni ne, kuma goron ma ɗaci gare shi. Daina dariya, Malam Tukur, masu iya magana sun riga ka: kwaɗayi mabuɗin wahala.