Mai Kishin Mulgabar

"Wato takardar zama ta fito, shi ne za ka yi mana butulci, ko Likita?"

Noelene, shugabar ƙaramar hukumar Mulgabar, ta ɗaga murya don ya ji ta da kyau. Ita ce ta yi ta zarya a ofisoshin gwamnati har aka sa garin cikin wuraren da ake turo baƙi. Sharaɗin bai da wuya: kana son zaman dindindin a Ostareliya, ka fara yin shekara uku a tsakiyar hamada, inda mutum tamanin da huɗu ke raba rijiya ɗaya da ƙudaje.

Dakta Rukweza, mutumin Zimbabuwe, ya cika nasa ukun ranar Talata. Ranar Laraba ya fara ɗaure kaya.

"Madam, 'yata na fama da asma, babban asibiti kuwa tafiyar awa tara ce. Ruwan famfon nan ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki."

"Ji shi! Kakannina da suka kafa garin, famfo suka tarar?"

Ta kurɓi shayi, ta dubi taga. Shimfiɗa ce har iyakar gani, ba gida, ba bishiya.

Ta san lissafin sarai. In likita ya tafi, za a rufe ɗakin shan magani. Masu yara su bi bayansa, makaranta ta mutu, a haɗe ƙaramar hukumar da ta maƙwabta, kujerarta ta bi ruwa. Sai ta sassauta murya. Ta yi masa zancen taurarin Mulgabar, da jar ƙasar da ba ta karɓar rago, da kabarin mahaifinta. Har da 'yar ƙwalla.

Likitan kaɗai ya san tsofaffi nawa ne ke jiran allurarsa duk safiya.

"Shekara ɗaya, Madam. Saboda su."

"Yauwa, ɗan halak! Ƙasa ai sai da masu haƙuri. 'Yan baya ne ba su san wannan ba."

Noelene ta ajiye wayar, ta tashi ta rufe taga. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ƙaurarta daga Mulgabar zuwa birnin Adelaide, amma har yau ba ta saba da sanyin iskar teku ba.