Tramol Ɗin Dattijo

Duk ranar cin Kasuwar Daji, Mainasara, wani manomi daga Dauran, sai ya tsaya kemis ɗin Vincent ya sayi tramol. Da fari ƙwaya ɗaya ke kai Dattijo yini. Yanzu ko an ninka sai ya ga dama yake tashi.

Rannan Vincent ya ce bai sayarwa. Ya yi bayani da Hausar da ya koya a garin Ƙaura cewa maganin ciwo kashi biyu ne. Irin su ibuprofen suna rage kumburi, ba a kamuwa da su, sai dai su ci ciki. Tramol kuwa ƙwaƙwalwa yake rufe wa baki. Ciwon na nan, jiki ya saba, kullum ya nemi ƙari, wata rana numfashi ya tsaya.

Mainasara bai ji ko ɗaya ba. Ya ce shi dai ruwa ya sauka, gona na jiran huɗa, in Dattijo bai miƙe ba gidansa ba hatsi bana. Tun da 'yan bindiga suka tafi da abokin aikinsa bara, Dattijo ke yin aikin biyu, baya da gwiwa duk sun tashi aiki.

"Shekarunsa nawa?" in ji Vincent.

"Haƙora dai sun fara zuba."

"Matarsa fa?"

"Bai taɓa amre ba. Yana can kwance bakin danga, ƙuda na bin shi."

Ran Vincent ya ɓaci ƙwarai. Tsoho guda, ba mata ba ɗa, an yasar da shi waje, ana ɗura masa ƙwaya don ya yi wa wani noma! Ya ce a kai shi asibiti. Mainasara ya ce ba mashin ɗin da zai ɗauke shi, ko sun je ma korarsu za a yi tun daga ƙofa.

Sai Vincent ya rufe shago, ya cusa ibuprofen da man zafi a aljihu, ya haye bayan Mainasara. Duk tsawon hanya yana tsara wa'azin da zai yi wa mutanen gidan kan haƙƙin tsofaffi.

Da isarsu ya cire hula, ya rusuna tun daga zaure yana "Sannu Baba, ya jiki?"

Daga gindin turke, Dattijo ya ɗago ƙahoninsa da jajayen idanu, ya kaɗa wutsiya, ya ci gaba da tuƙa.