Darnin Abarci

Talata ce, da zafi. Hadari ya taso daga gabas, bai zubo ba. Tsoho Abarci ya tsaya bakin darnin karan da ya raba gidansa da na Mijinyawa, riƙe da kunnen jar akuya.

"Ke Ramatu, hito ki ga aikin dabbarki. Ta cinye mini kuɓewa."

Matar Mijinyawa ta fito, kallabi ya rufe mata ido ɗaya. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙuri zan kaɗa a miya? Akuya tana nan sai an biya ɓarna."

Haka ake yi a Dakoro. Dabbar da ta ci shuka, mai shuka ya riƙe ta. Akuyar ta wata kafa ta shiga, a gindin darnin, kafar da babba zai iya bi in ya sunkuya, bakin karanta a yanke sumul. Abarci ya ce darnin Mijinyawa ne, shi zai gyara. Mijinyawa ya ce na Abarci ne. Kafa ta zauna.

Mijinyawa mai awon hatsi ne a shagon wani Elhaji. Unguwa duka ta san nauyin hannunsa. Ramatu ta taɓa kai kuka gun mai unguwa, aka ce ta koma ɗakinta. Ta taɓa kama hanyar Korahane, inda yayanta yake, da 'ya'yanta da ƙunshin kaya a kai. Ƙunshin ne ya tona ta, aka gaya wa mijin, ya cim mata a rijiyar bayan gari. Tun daga nan ƙanensa Mahamadu tela ya dasa kekensa a zaure, ba mai fita bai gani ba. Nasara ya tafi, jandarma suna nan, amma ba sa shiga gida don mace ta yi kuka.

Kafin kuɓewa ta yi fure, Abarci ya kama sauran awakin Ramatu, gadon da uwarta ta bar mata. Ta shanya bargo a kan darni, ya janye, wai yana ɗiga a kan barkononsa. Tabarma ta bi bargo. Ta aiki 'yarta Kyauta ɗibar wuta da tukunyar ƙarfe, yarinya ta dawo ba tukunya.

Mijinyawa dariya ya yi. "Kayanta ne, ta biya. In ba ta da ko tsinke, mu ga inda za ta."

Yaran ma bai bar su ba. Da magariba, daidai lokacin da ake jin muryar ubansu a zaure, sai ya ɗaga tasa. "Kyauta! Sa'adu! Ku zo ku kwashe kashin awakinku." Su bi ta kafar da rarrafe. Ya sa su shara, ya hana su tafiya sai gidansu ya yi shiru. Matan unguwa suka daina gaishe shi. Aka ce tsohon nan ba imani, ya ga mace a ƙasa ya hau kanta.

Ranar da ya miƙa awakin ga wani makiyayi mai raƙumi, Amani, da ɗaurin kaya a buhu, Ramatu ta yi kuka har aka ji a titi. Daren nan Mijinyawa bai taɓa ta ba. Bayan kwana kaɗan ya karya mata yatsa, ya ce karo na gaba wuya ne.

Juma'a ranar kasuwa ce. Mijinyawa yana kan awo tun safe. Mahamadu ya sa wa ƙyauren zaure kwaɗo, ya tafi masallaci. Da la'asar suka buɗe, murhu a sanyaye, ba Ramatu, ba yara.

Mijinyawa ya dubi kafar, ya zagaya gidan Abarci da sanda a hannu.

"Tsoho, ta nan ta bi?"

Abarci yana wasa wuƙa, bai ɗaga kai ba. "Ta cikin shukata? Da ka iske ta nan da ƙafa ɗaya. Kai da ba ka iya tsare akuya, ni za ni tsare maka mata? Kamyon Maraɗi, babbar motar nan, ya tashi da azahar, tahi ka tambaya."

Mijinyawa ya tofa yawu, ya ari doki, ya yi kudu.

A lokacin raƙumin Amani, ɗauke da Ramatu da yaranta, ya yi nisa a hanyar Korahane, inda awaki da bargo da tukunya suka riga mai su isa hannun yayanta.

Washegari da safe Abarci ya ɗauko damin kara, ya durƙusa, ya toshe kafar da ya yanka da wuƙarsa tun farkon damina, ranar da ya raɗa wa Ramatu ta tsakanin kara: "Ɗiyata, duk abin da na ƙwace, ki yi kuka da ƙarfi, kada ki karɓa."