Manomin da Ya Kusa Binne Rijiyarsa

Istifanus, ka ce shekara goma sha biyar ke nan da yi maka baftisma, amma addu'a ta daina yi maka daɗi, wa'azi ya zama kamar tuwon shekaranjiya, har kana tunanin daina zuwa sujada. Ni dai ban iya gardama da harshen wani a kan ɗanɗano ba. Amma bari ka ji abin da ya sami wani manomi.

Manomin nan ya gaji rijiya a tsakar gida, mahaifinsa ne ya haƙa ta, ruwanta kuwa har daga wata unguwa ake zuwa ɗiba. Mutum ne mai tsabta, ko dai mai son a san shi da ita, saboda haka ya kafa doka: gugan kowa ba zai shiga rijiyarsa ba sai nasa. Nasa ɗin wasaki ne, irin gugan fata na dā, kuma duk mako sai ya zauna ya shafe bayansa da man gyaɗa har ya yi ƙyalli, ya rataye shi inda mai shigowa zai fara gani. Ana nan sai ruwan ya soma wari. Maƙwabta suka janye cikin ladabi, kowa ya tuna ashe yana da ɗan'uwa mai rijiya. Ya sa aka yashe ta sau biyu, aka kwashe laka, aka yi mata murfi, wari na nan daram. Daga ƙarshe ya yanke cewa rijiyar ta mutu. Ya tara ƙasa da duwatsu a bakinta, ya kira tsohon da ke haƙar rijiyoyi a garin ya zo ya cike ta. Tsohon ya ce shi ba ya binne rijiyar da mai ita bai sha daga gindinta ba, in ba haka ba a nemi wani. Babu wani a garin. Haka aka ɗaura wa manomin igiya a ƙugu, da girmansa da furfurarsa, ya bi ramukan taka ƙafa na jikin bango ya sauka.

Rani ne, ruwan bai wuce gwiwa ba. Sanyi ya rufe shi, hayaniyar gari ta ɗauke, sararin sama ya koma kamar ɗan faifai can a bisa. Da idonsa ya saba da duhun, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba duk shekarun da ya yi yana sha: farin yashi yana motsi a hankali a gefe guda, ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, shiru, ba gaggawa. Tun ranar da mahaifinsa ya kai ga idon ruwan nan haka yake yi, ba mai kallo, ba mai godiya, ko a makon da ake tara duwatsun binne shi bai tsaya ba. Manomin ya ɗiba da tafin hannu ya sha. Garau, sanyi har cikin ƙashi. Sai da tsohon ya girgiza igiya sau uku kafin manomin ya yarda ya hau. Da ya fito, tsohon ya sauko da wasakin, ya juya cikinsa waje, abin da ba a yi ba tun ranar da aka ɗinka shi. Ba sai na faɗa maka abin da ke manne a ɗinkin ba. Kajin da suka matso ma sun sake shawara. "Maigida," in ji tsohon, "da wanne za mu fara, da duwatsun ko da wannan?"

Alherin Almasihu bai taɓa lalacewa ba, Istifanus, yana nan yana ɓulɓula ko a ranar da ka juya masa baya. Da zuciya muke ɗibarsa, ita kuwa tana da ɗinki inda tsohuwar ƙiyayya da ƙaramar ƙarya da sha'awar ɓoye sukan maƙale su ruɓe. A juya ta gaban Allah, a kankare, a shanya a rana. Aiki ne marar daɗi, kuma ba sau ɗaya ake yinsa ba. Kafin ka kira mai duwatsu, ka tuna da maganar mutanen dā: rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.