Mai Tsartuwa a Gindin Kwalekwale

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To, ku gyara zama.

Wani masunci ne ya baro kogin garinsu, ya gangara bakin teku neman abinci. Mutanen wurin suka karɓe shi, har suka ba shi turken ɗaure jirgi a mashigarsu. Da hannunsa ya ɗan yi nauyi, sai ya sayo tsohon kwalekwale daga wata tasha mai nisa, inda manyan jiragen ƙasashen waje ke tsayawa. Ran da ya kife shi zai toshe ɓaraka, ya tarar da wasu halittu masu santsi manne a gindinsa, kamar 'yan ƙananan salkuna, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. In ka matsa ɗaya, sai ta tsarto maka ruwa. Ya sa wuƙa ya kankare su. A koginsu kuwa, abin da ka kankaro daga jirgi, ruwa kake mayar wa, kifi ya ci. Wata tsohuwa mai bandar kifi ta ce, "Ɗan arewa, a nan na tsufa, ban taɓa ganin wannan ba. Kai shi tudu rana ta kashe shi." Ya ce, "Haba Iya, abin da ba ƙaya ba haƙori?" Ya watsa su a ruwa.

Kafin damina ta zagayo, ya gan su jere a igiyarsa. Ya yanke igiyar, bai gaya wa kowa ba. Sai ga su a turke, ga su a jirgin maƙwabcinsa. Taru ya yi nauyi, maza shida na ja suna nishi, a fito da shi ba kifi sai yauƙi. Kullum ya fito, turakun mutane yake fara dubawa, kullum kuma sun ƙaru. Tsohuwa ba ta tona shi ba, kallonsa kawai take yi.

Ran da dattawan mashiga suka tara jama'a suna tambayar ta inda baƙon abin nan ya shigo, sai ya miƙe ya faɗi gaskiya. Ba wanda ya zage shi. Babbansu ya miƙa masa kwando, ya nuna masa teku, ya ce, "To, bismilla, kwashe su."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera.