Goshin Gwamna

"Ƙara rage wa ƙofar tsawo!" in ji Gwamna Nacin na ƙasar Sin. "So nake mai jan gemun nan ya shigo a duƙe."

Ni ne tafintansa. Tun bara kasuwar shayi ta bakin iyaka take a rufe, saboda shi da Zubarev mai jan gemu, gwamnan Rashawa, kowa ya rantse ba zai riga ɗayan sunkuyawa ba. Fatake har sun fara yanka raƙumansu. Ƙarshe aka kafa tanti a kan iyaka, aka ce kowane ɓangare ya yi wa ɗayan ƙofar shiga.

Muna isowa tamu ƙofar, sai muka tarar da ita iya cibiya.

"Ɗan banza, ya sace mini dabara!"

"Ranka ya daɗe, ko mu koma?"

"Mu koma ina? Riƙe mini hula."

Ya juya, ya tura ƙugu, ya shiga da baya da baya. Na leƙa. Sai ga wani faffaɗan wando yana tahowa daga ɗaya ƙofar, shi ma da baya.

Gum! Kowa ya kifa da fuska.

Nacin ya ɗago yana tofar da ƙasa. "Rubuta wa Sarkin Sin: gwamnan Rashawa ya kai goshinsa ƙasa. A buɗe kasuwa."

Ina cikin rubutu, tafintan Rashawa ya matso, ya raɗa mini:

"Abokina, in ka gama ara mini. Suna kawai zan canja."