Kunnen Gimbiya

"Gangar nan ta yi yawa, Maigida, rage ta," in ji matarsa daga bakin ƙofa.

Ya juyo da mamaki. Tun makon jiya yake haɗa kiɗan rawa a kwamfuta, wanda wani mawaƙi ya ce zai hau kai in ya yi masa. Ita kuwa ba ta taɓa kula kiɗansa ba sai yau.

Ya rage gangar.

"Yawwa. Wannan mai tsinin kuma tana soka kunne, cire ta. Ja shi a hankali mana, wa ya biyo ka? Fiyanon ne mai daɗi, fito da shi sosai."

Ya bi duk abin da ta ce. Da ya sake saurare, sai ya ji komai ya zauna a wurinsa, kiɗa ya yi laushi.

"Gimbiya, ashe kunne gare ki haka? Ina kika koya?"

"Kai dai tura min a waya."

Bayan azahar ya jiyo kiɗan yana tashi daga uwar ɗaki. Kansa ya kumbura, ya lallaɓa ya leƙa don ya kama ta tana rawa.

Jaririyarsu, wadda ciwon haƙori ya hana ta barci, ta baje a katifa baki buɗe. Kakarta ma tana gefe tana minshari.

Matar ta ɗora yatsa a leɓe, ta yi raɗa: "Ƙara masa tsawo kaɗan, Maigida. Ni ma saura ƙiris ya ɗauke ni."